Abin da Mai Almakashi Ya Ajiye

Shafi na 23

Akwai halin da ya fi ƙarya muni, shi ne mutum ya tsaya gaban jama'a ya ce wannan abu guba ne, kada kowa ya taɓa, sannan ya zagaya ya ɗebi gubar ya kai ɗakinsa yana lasa. Mai wannan hali gani yake ƙofa ta rufa masa asiri. Ya manta ba shi kaɗai ke numfashi a gidan ba. Ku da kuke ta aiko da "a ƙaro, a ƙaro", to ga shi, amma ku karanta da hankalinku a jikinku.

Mun baro Mai Almakashi a ɗakin aikinsa na ofishin tace fina-finai. Dattijo ne da duk fim ɗin da za a nuna wa jama'a sai ya bi ta hannunsa. Yanzu da kwamfuta yake yanka, amma sunan ya bi shi tun zamanin da ake yi da hannu. Inda aka zubar da jini ya yanke, inda aka shaƙe mutum ya yanke. Kuma yana da tsarinsa: ba ya aiki da sauti. Ya ce kiɗa da kururuwa suna ruɗa ido, saboda haka sai ya cire murya ya bar hoto tsirara, ya yanka a cikin shiru. Dokar aiki ta ce abin da aka yanke a goge shi nan take. Shi bai taɓa gogewa ba. Jera su yake a wani ɗan filash na ajiyar bidiyo, wannan bayan wancan, ya kai gida.

Ɗakin ba taga. Baƙin labule ne ya zagaye bango, sai hasken kwamfuta da wata fanka mai ƙara kamar tsoho yana minshari. Yana tsakiyar yanka ƙofa ta buɗe. Babbar 'yarsa ce, wadda kowa ke kira Nas, da farar rigar asibiti a jikinta. Ko sallama ba ta yi ba.

"A'a! Likitar gidanmu da rana tsaka? Ko allura aka zo yi wa tsoho?"

Ba ta yi dariya ba. Ta mayar da ƙofa ta rufe.

"Baba, daga makarantar su Aku nake."

Aku ita ce 'yar Nas, jikarsa tilo, shekararta shida. Surutu ne ya jawo mata sunan, duk abin da ta ji sai ta maimaita. Kullum in an tashi makaranta gidansa ake sauke ta, ta zauna wajen matarsa Inna, kakarta, har uwar ta taso daga aiki. Inna kuwa tun da jikinta ya shanye take kwance, ba baki ba hannu, sai ido, wata mai jinya ke kula da ita.

"Me amaryar tawa ta yi? Ta sake cinye abincin wani?"

"Sun kore ta."

"Kora? Yarinyar da ko tsayin teburin nan ba ta kai ba?"

Nas ta ɗora wayarta a gabansa.

"Kyamarar makaranta ce ta ɗauka. Kalla. Kai ne gwanin kallo."

Bayan aji ne, lokacin tara. Ga Aku, ga wata yarinya da ba ta kai ta ba. Aku ta juya yarinyar ta fuskanci bango, ta danna kafaɗarta har ta durƙusa. Ta sunkuya ta zare igiyar takalminta. Ba wuyan hannu ta ɗaure ba, manyan yatsu biyu ta haɗa ta baya ta ɗaure. Sannan ta shafa kan yarinyar a hankali, ta gyara mata wuyan riga. Ta ɗauko ledar da aka sako mata abinci, ta karkaɗe, ta hura iska a ciki har ta buɗe, ta kifa mata a ka. Ta ja da baya, ta karkatar da kai gefe, tana kallo.

Sai ga malama ta shigo hoton da gudu.

Mai Almakashi ya ƙura wa wayar ido. Ya san yatsun nan. Ya san gyaran wuyan rigar nan, ya san hura ledar nan. Da hannunsa ya yanke su daga wani fim da aka kawo daga waje, kuma ya tabbata a duk gidajen kallon garin ba wanda ya gan su.

"Yarinyar fa?" ya tambaya.

"Da sauƙi, an cire da wuri. Amma ka san abin da ya tayar wa malamar da hankali? Ta ce ko tari ba ta ji ba. Aku ce ta gaya wa yarinyar wai a wasan nan ba a magana, in za ki yi ihu baki kawai ake buɗewa."

Ya ɗauki kofin shayinsa da ya huce, ya mayar bai sha ba. Da a nan ya faɗi gaskiya, da sauran mutunci. Amma sai ya gyara zama, ya ɗauko muryar da yake magana da ita a rediyo.

"Waya! Kullum ina faɗa. Ku iyayen zamani kun miƙa wa yara wuta a hannu. Mu nan muna kashe idonmu muna tsare jama'a, ku kuna can kuna..."

"Baba, ni ba rediyo ba ce."

"To 'ya'yan maƙwabta."

"Ba ta shiga gidan kowa. Wayata tana aljihuna har banɗaki. Talabijin ɗinmu tun da ta ƙone ban gyara ba. Daga makaranta sai gidanka, daga gidanka sai gado. Shi ya sa na zo. Ka san kan irin waɗannan abubuwan, ka gaya min inda yarinya za ta ga wannan."

"Yara ai akwai ƙirƙira."

"Ƙirƙira? To saurara, ba yau ta fara ba."

Nas ta ja kujera ta zauna, ta dafe kai.

"Kwanaki ina girki na ji kamar mutum a bayana. Na waiwaya. Aku ce, ta naɗe ɗankwalina a hannu biyu ta ja shi ya miƙe, ta yi ɗage tana auna wuyana. Na ce ke lafiya? Sai ta buɗe baki wangam, ba sauti. Na yi dariya, na zaci wasa ne."

"Sai kuma me?"

"Sai 'yartsanarta. Na same ta a bayan gida ta danna kan 'yartsanar cikin bokitin ruwa, ta riƙe. Ta ɗago, ta duba fuskar, ta sake dannawa."

"Wanne ya riga? Ɗankwalin ko bokitin?"

Nas ta ɗago ta dube shi.

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ki gaya min!"

"Ɗankwalin."

Ɗankwali, bokiti, leda. Ba tsintar abin yarinyar take ba, bin sa take a jere, yadda ya jera. Kuma shi da ya jera ya san abin da ke bayan leda. Wani ɗaki ne, da mara lafiya kwance a gado. Mutum ya shigo ya gyara masa bargo, ya share masa baki, sannan ya zare matashin kai.

"Ina Aku yanzu?"

"Gidanka mana. Na sauke ta wajen Inna na taho."

"Mai jinya tana nan?"

"Tana nan da na fito."

Ya zaro wayarsa ya kira. Matar da ke kula da Inna ta ɗauka, hayaniya a bayanta.

"Yallaɓai, ina kantin magani, na Inna ne ya ƙare. Layi ne har bakin titi."

"Wa kika bari a gidan?"

"Ai 'yar albarkar nan tana nan. Wallahi yarinyar nan ta yi hankali, ta daina surutun ma. Da zan fito na baro ta tana ta gyara wa Inna bargo."

Ya miƙe, kujera ta kife a bayansa.

"Tashi mu tafi."

"Baba, mene ne?"

"A hanya!"

Suka tsayar da motar haya a bakin ofis. Direban wani mai ƙiba ne mai fara'a, yana ganin fuskar dattijon ta madubi ya washe baki.

"Kai! Yau motata ta ɗau babban kaya. Ranka ya daɗe, ba kai ne mai yanke mana daɗin fim ba? Ana zuwa wajen da za a gwabza sai mu ga an yi tsalle, mutum yana tsaye sai ga shi a makara!" Ya ƙyalƙyale da dariya. "Wasa nake. Allah ya saka maka. Ina da yara a gida, in na ga hatiminku a jikin fim sai in bar su su kalla, in yi barcina."

"Taka motar, malam."

"An gama, ranka ya daɗe."

Ba su yi nisa ba suka faɗa cunkoso. Wata babbar mota ce ta mutu a tsakiyar mararraba, masu babur suna ta kutsawa. Nas ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci ubanta.

"Ga hanyar. Faɗi."

Ya dubi ƙeyar direba. Ya dubi titi. Ba inda zai ɓuya.

"Abin da nake yankewa... ba na gogewa."

"Ban gane ba."

"Ina tarawa. A filash."

"Ka yi me da su?"

"Da farko shaida ce. Masu fim in sun zo gardama sai in nuna musu abin da na cire."

"Daga baya fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Daga baya fa, Baba?"

"Daga baya sai na ga in na koma gida ban kalla ba, abinci ba ya shiga."

Direba ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

"A ina kake kallo?" Muryar Nas ta yi ƙasa ƙwarai.

"Talabijin ɗin ɗakin Innarku ce kaɗai ke karɓar filash. A bayanta yake maƙale. Ana kunnawa yake tashi, in ya kai ƙarshe ya koma farko da kansa. Ban zaci hannun yarinya zai kai wajen makunni ba."

"A ɗakin Inna. A gabanta."

"Ai ba ta san duniyar da take ba."

"Ta sani!" Nas ta daki kujerar gaba. "Ni nake duba ta! In na tambaye ta abu da ido take ba ni amsa. Komai tana ji, komai tana gani, wuyanta ne kawai ba ya juyawa. Kuma kai da kanka ka sa aka juya gadon ya fuskanci talabijin, wai don kada kaɗaici ya dame ta!"

Ta rufe baki da hannu.

"Wayyo Allah. Shi ya sa duk na shiga sai ta kafe talabijin da ido, ta dawo ta kafe ni, hawaye na zuba. Ni kuma in ce Inna kallo kike so? In ce wa Aku, kunna wa kakarki in na tafi."

Mai sayar da ruwa ya ƙwanƙwasa gilashi, ya gaji ya wuce.

"Me ke bayan ledar?" ta tambaya.

Ya gaya mata.

Direban bai jira an ce masa komai ba. Ya karya kan mota ya hau gefen titi, ya bi ta wani lungu yana danna oda, kaji na watsewa. Da suka isa ƙofar gida ya taka birki, bai waiwayo ba.

"Sauka, malam."

Tsakar gida tsit. Rana ta take, wankin mai jinya yana ɗiga a kan igiya. Ba motsin yaro, ba motsin babba. Ƙofar ɗakin Inna a kare take, wani shuɗin haske yana wasa ta ƙarƙashinta.

Nas ta banka.

Talabijin na ta aiki, ba sauti. Wani mutum a ciki ya buɗe baki har ana ganin dasashinsa. An ja wa Inna bargo har ƙirji, an daidaita shi tsaf kamar gadon asibiti. Inda fuskarta ya kamata ta kasance, matashin kai ne. Aku ta hau gadon ta kifa cikinta a kai, ta karkatar da kai tana duban talabijin, kamar ɗaliba mai kwafar allo.

Nas ta fizge ta da hannu ɗaya, ta yi jifa da matashin. Fuskar Inna ta yi duhu, idanunta a buɗe. Nas ta danna yatsu a jijiyar wuyanta, ta kara kunne a hancinta, ta ɗaga haɓarta ta shiga hura mata iska.

"Inna! Inna, ki taimake ni! Inna!"

Mai Almakashi yana tsaye a bakin ƙofa. Aku ta tashi daga inda ta faɗi, ta karkaɗe riga, ta zo ta tsaya gabansa. Ba kuka, ba tsoro. Fuskarta a ɗaure kamar wadda aka ƙwace wa abin wasa.

"Kaka, kun ɓata. A nan wurin ba a shigowa."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara.

"Amarya... me ya sa? Kakarki ce fa."

"Ai za ta tashi."

"Wa ya gaya miki?"

"Duk suna tashi. In ya zagayo farko sai ka gan su a tsaye, a sake." Ta leƙa fuskarsa. "Ba kai ma kana kallo ba? Ina ganin ka ta ramin makulli. Har murmushi kake."

A gadon aka ji wani gurnani, kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Ƙirjin Inna ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. Nas ta fashe da kuka tana kiran direba. Mutumin ya shigo da gudu, ya tuɓe hularsa ya cusa a aljihu, ya kama gefen bargo. Mai Almakashi ya matso zai kama ɗaya gefen.

"Kar ka taɓa ta."

"Matata ce."

"Tambaye ta."

Ya sunkuya a kan fuskar da ya shekara arba'in yana gani. Idanun Inna suka zo kansa, suka tsaya. Sannan a hankali ta rufe su, ta matse. Da ya ja baya ta buɗe. Da ya sake matsowa ta sake rufewa.

Nas ta zagaya bayan talabijin ta fizge filash ɗin, hoton ya mutu. Ta jefa shi a aljihun rigarta.

"Gobe wannan yana kan teburin shugabanku."

"Ki rufa min asiri, 'yata. Ni na haife ki."

"Ka san abin da ka yi, Baba? Fim ɗin da kake hana mutane, ko ba komai a cikinsa ana kuka, ana binne gawa, ana kama mai laifi. Kai ka cire kukan, ka cire dalilin, ka cire hukuncin, ka tace zallar kisan ka ajiye wa 'yata a ɗaki. Inna ba za ta dawo gidan nan ba. Aku ma haka. Ni ma haka."

Ta juya ga yarinyar.

"Ke, biyo ni. Kar ki matsa daga bayana."

Suka ɗauki Inna cikin bargo, ita da direba, suka fita da ita a hankali saboda ƙofar ƙunci gare ta. A tsakar gida ya ji direban yana cewa wani maƙwabci da ya leƙo, "Bari kawai, ɗan'uwa. In na ba ka labarin mai hatimin nan ba za ka yarda ba."

Mai Almakashi ya zube a kujerar da ya saba zama, gefen gadon da babu kowa a kai. To ku lissafa tare da ni. Da safe ya fita yana da aiki, gobe babu. Yana da suna da ake ambata a rediyo, kafin magariba yana bakin direbobin gari. Yana da 'ya mai ce masa Baba, ta ce ba ta ƙara taka gidansa. Yana da jika mai surutu, ya mayar da ita abin da yara za su riƙa gudu. Yana da mata da ido kaɗai ya rage mata a duniya, ta rufe masa shi. Duk wannan bai sayar ba, ba a sace masa ba, shi ya ɗauko da hannunsa ya shigo da shi gida.

Daga bakin titi ya ji muryar Nas.

"Aku! Aku, ina kika shiga?"

Ƙofar ɗakin ta motsa. Ta tafi a hankali, ta rufu. Ya ji an tura sakatar ƙasa ta waje.

Sai a lokacin ya tuna abin da ya jera bayan matashin kai.

Ta ƙarƙashin ƙofa ya ga inuwar ƙananan ƙafafu biyu. Sannan ya ji ana girgiza kwalin ashana.